'Yan Hayar Bayan Gida

Mako shida ƙafata na cikin filasta,
tun ran da ɗan acaɓa ya kwashe ni a Agege, gab da layin dogo.
Likita ya ce zauna. Na zauna.
Ni da nake sammakon bin danfo zuwa Apapa,
yau duniyata taku goma ce,
daga bakin famfo zuwa gindin gwanda.

Nasiba ta bar mini tsohuwar wayarta
mai tsagaggen gilashi.
Ta ce, "Baba, rage wa Mama mita, ɗauki hoto."
Hoton me? Katanga? Bokiti?

Ƙadangare ne ya fara zuwa,
kai ja kamar an tsoma a manja.
Ya hau bulo, ya gyaɗa kai sau uku,
gaisuwa ce ko raini, ban tantance ba.
Na ɗaga waya, ya ɓace.
Hotona na farko: bulo da guntun wutsiya.

A nan na koyi abin da shekara ashirin
a tashar jiragen ruwa ba ta koya mini ba:
a riƙe numfashi,
a kafa gwiwar hannu a kan kujera,
kada inuwarka ta riga ka isa.

Ruwa ya kwana yana dukan kwano.
Da safe ga dodon koɗi yana hawan katanga,
ya bar sawu mai ƙyalli,
ba ya sauri, kamar ba a Ikko aka haife shi ba.
Maman Bisola ta tsaya a kaina da roba,
ta ce, "Alhaji, gama hotonka, miyata na jira."
Na ɗauka sau tara, ina jan lokaci,
har ya shige bayan tanki.

Wayar lantarki kwana uku ba wuta,
gizo-gizo ya ba ta aiki,
ya yi shanyar raɓa a kanta.
Tururuwa sun ɗauki ɓarɓashin burodi sun yi layi,
ba oda, ba zagi, ba mai shiga gaban wani.
Da magariba jemagu su faɗo wa gwanda,
su ban taɓa samunsu ba,
sai duhu, da wani duhun da ya fi shi.

Kurciya kuwa a kan mitar wuta ta yi sheƙa,
tsinke goma sha, ƙwai biyu.
Jirgi ya ratsa ta kanmu zai sauka Ikeja,
tagogi na rawa,
ita ko kai ba ta ɗaga ba.

Ran Talata mai gida ya zo da magini da igiyar awo.
Baba Adeoti ba mugu ba ne,
shago yake so, kuɗin makarantar jikoki.
Gwanda za ta faɗi, siminti zai rufe ƙasa.
Na miƙa masa wayar, na ce,
"Ga 'yan hayarka da ba su taɓa biya ba."
Ya yi dariya, yana turawa da babban yatsa,
har ya kai kan ƙwan nan biyu.
Ya gyara tabarau. Ya daɗe.
Ya ce wa magini wani abu da Yarbanci,
sannan ya juyo: "Sai sun tashi. Ban ƙara kwana ɗaya ba."

Sun tashi ran da aka yanke mini filasta.
Na dawo ina ɗingishi,
ƙaramin yana bakin sheƙa yana gwada fiffike.
Na laluba aljihu, waya ta mutu, ba caji.
Sai na tsaya da ido kawai.

An zuba simintin jiya.
Da asuba, kafin ya bushe,
wani ya bi ta kai da 'yan yatsu biyar biyar,
yana jan wutsiya a tsakiya.